Jajayen Fitilu Biyu a Bayan Karaban

Galtimari, Maiduguri
Yuni, 2013

Zuwa ga Yaya Abdulwahab, babban injiniyan da Kano ta yi sa'ar samu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu ma nan lafiya, in dai numfashi ake nufi. Da akwai sabis da ban ɓata takardata ba, amma ka san tun da aka sa dokar ta-ɓaci aka rufe mana layukan waya. Shi ya sa na ba Dzarma direba wannan wasiƙa, tunda shi har yanzu yana da zuciyar bin hanyar Damaturu, ba kamar wasu ba.

Maganar karaban ɗinka ce. Ɗakin ƙarfen nan mai taya da ka saya a gwanjon masu aikin titi, ka yi masa wayarin da hannunka, ka kafa shi a bakin tasha kana kiransa ofis. Da gari ya yi zafi ka sa aka jawo shi tsakar gidana, ka ce na wata ɗaya ne, ka cika wandonka da iska. To, yanzu Iya ce a ciki. Bayan an tashi layinmu na Gwange rufin gidan ya ƙone, na ɗauko ta. Na share mata ɗakina, ta ce ko yanka ta za a yi ba ta kwana rufi ɗaya da suruki. Ta ga karaban, ta sa aka kai mata tabarmarta da butarta. Ka san halin uwarka.

Fitilar ciki da fanka suna aiki, faifan solar da ka ɗora a sama yana cika batir. Sai dai wani lokaci fitilar ta yi dishi-dishi, wani lokaci komai ya ɗauke sai maigidana ya canza babban fiyus. Waɗanda ka bari a gwangwanin madara sun kusa ƙarewa. Wannan duk da sauƙi.

Abin da ya hana ni barci shi ne jajayen fitilun nan biyu da ke saman kusurwoyin baya, waɗanda kake kunnawa a tasha don direbobi su hango ka. Da kansu suke kamawa. Da an yi magariba sai ka ga jan haske a ganyen darbejiyar da ke bayan katanga, kuma ba sa mutuwa sai asuba. Bayan karaban ɗin kuwa fili yake kallo, bayan fili sai daji.

Ka tuna Ya'akubu, wanda ke tallan rake a bakin masallaci? Yanzu shi ne shugaban samarin unguwa masu gora da ke tsaron shinge. Har wani baƙin gilashi ya samo. Ya zo da yaransa ya tsaya a ƙofar gidana, ya ce, “Gidan nan ana yi wa 'yan daji sigina.” Na ce lalacewar waya ce. Ya ce, “Gidan da ɗansu ya ɓace ne waya za ta lalace tana kallon daji?” Ajimi yake nufi, autanmu, wanda ya fita da kekensa tun kafin Babbar Sallah har yau ba shi ba labarinsa. Kai ma ka ji labarin a waya ka ce Allah ya bayyana shi, ka ci gaba da shan rakenka a Kano.

Ya'akubu ya ce in ba a nuna masa inda cutar take ba, namijin gidan zai miƙa wa sojoji. Namijin gidan shi ne uban 'ya'yana. Ka san waɗanda aka miƙa nawa ne suka dawo.

Na ce a fasa ƙwayayen a huta, ya ce wanda ya fasa shaida ya amsa laifinsa. Na ɗaura buhu a kansu, da safe na tsinci buhun a ƙasa. Don haka, Injiniya, ka sauko daga kujerarka ka gaya mini abin da ka ƙulla a cikin wannan gwangwani naka.

Iya ba ta ce a gaishe ka ba, amma ni na gaishe ka, don tarbiyya.

Ƙanwarka,
Turai

Kano
Yuni, 2013

Zuwa ga Turai,

Wa'alaikumus salam. Na ga takardarki, na kuma ga cewa yaƙi bai rage miki tsawon harshe ba. Muna lafiya. Ki ce wa Iya ina gaishe ta, ko ta amsa ko kada ta amsa.

Da farko, ba gwangwani ba ne. Karaban ne na ƙasar waje, kuma gilasan fitilun nan babu irinsu a duk faɗin Arewa. Wanda ya fasa mini su, ni da shi ne, ko Ya'akubu ko waye. Na biyu, fitilun nan ba za su iya kamawa ba. Kafin in taho na zare fiyus ɗinsu da hannuna. Fitilar da ba ta da fiyus ba ta kamawa, kamar yadda tukunyar da ba wuta a ƙarƙashinta ba ta tafasa. Na kawo miki misalin tukunya ne don ki gane.

Amma tunda kin ce kun gani da idonku, to wuta na bin wata ɓarauniyar hanya, kuma na san wanda ya buɗe mata. Shekara guda abu yana hannunku, ba wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashinsa. Ki kira mijin naki Babagana, mai alli, tunda an rufe makarantarsu ba abin da yake yi sai sauraron rediyo. Ki karanta masa wannan a hankali.

Ya kwanta ƙarƙashin karaban ɗin ta wajen tayar hagu. Zai ga wata baƙar waya mai kauri ɗaure da noti a jikin ƙarfe. Ita ce hanyar da wuta ke komawa batir. In tsatsa ta ci wurin, wutar fitilar ciki takan rasa hanya ta bi ta wasu ƙwayayen, shi ya sa ta ciki ke dishi-dishi. Ya kwance notin, ya goge wurin da sanfefa har ya yi ƙyalli, ya ɗaure tamau. Sanfefa ita ce takardar nan mai kaushi. Ki faɗa masa, kada ya ɗauko takardar jarrabawa.

Daga nan ya ɗaga katakon gadon da Iya ke kwana. Akwatin fiyus yana nan, da damin wayoyin da suka bi ta bayan kabad suka hau sama. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. In ɓera ya ci rigar wayoyi biyu suka haɗu, to ga ɓarawonku nan, kuma shi ke ƙona babban fiyus. Gidan da ake dafa turaren wuta da sukari ai dole ɓeraye su yi masa mubaya'a, don haka kada ki ɗora wa aikina laifin sana'arki.

In duk bai ga komai ba, ku jira lokacin da fitilun suka kama, a zare fiyus ɗaya-ɗaya. Wanda aka zare suka mutu, layinsa ne mai cutar. Yaron da ya yi sati biyu a shagona ya san wannan.

Game da Ya'akubu, ki daina tayar wa kanki hankali a kan mai rake. Ki ba shi kwalbar humra ya kai wa budurwarsa. Game da tahowata Kano kuma, mutum mai 'ya'ya huɗu da ya ga an harbe maƙwabcin shagonsa da rana tsaka ba ya bukatar izinin ƙanwarsa kafin ya tashi. Na ce Iya ta biyo ni, ta ƙi. Wannan ba a cikin wasiƙarki yake ba, na lura.

Ki gaida yara.

Yayanki,
Abdulwahab Rewaya

Galtimari, Maiduguri
Yuni, 2013

Zuwa ga Yayanmu Malam Abdulwahab,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, amin. Ni ne Babagana, mai alli. Ƙanwarka, Uwar Hajara, ta ce fushi ba zai bar ta ta rubuta ba, in rubuto maka da kaina.

Na gode da bayanin sanfefa. Na same ta, kuma ban haɗa ta da takardar jarrabawa ba.

Na shiga ƙarƙashin karaban kamar yadda ka umarta. Baƙar wayar ta yi tsatsa ƙwarai. Na goge, na ɗaure. Tun daga ranar fitilar ciki ta daina dishi-dishi, wannan kam ka yi gaskiya. Amma jajayen sun kama da magariba kamar kullum.

Washegari da hantsi, bayan Iya ta fito alwala ta zauna a inuwa, na nemi izininta na ɗaga katakon gado. Na bi wayoyin har bayan kabad. Babu wadda ɓera ya taɓa. Gurabun fiyus biyu na ƙarshe babu komai a cikinsu, kamar yadda ka faɗa. Abu ɗaya na lura da shi, ban sani ba ko yana da amfani a ilminku: ƙarafan gurabun nan biyu suna ƙyalli fes, har da ɗan baƙin ƙuna a gefe, alhali sauran duk sun dushe.

Gwajin zare fiyus bai yiwu ba. Ka san ba zan shiga ɗakin surukata bayan faɗuwar rana ba, tana zaune a kan gadon tana lazimi. Uwar Hajara ta shiga da kanta tun kafin magariba ta zauna da ita har aka yi isha'i, tana jiran su kama ta zare. Ranar ba su kama ba. Ta sake gwadawa, haka. Ranar da ta koma girkinta suka kama.

Da na rasa dabara na cire kan batir gaba ɗaya. Iya ta fito ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ta waje, ana dab da dokar hana fita. Ta ce tunda an kashe mata wuta a nan za ta kwana, sojan da zai harbe ta ya harba. Dole na mayar.

Shekaranjiya Ya'akubu ya aiko aka tafi da ni shingensu. Sun zaunar da ni a rana, a gaban yaran da na koya wa karatu, suna tambayata ina Ajimi. Ba su dake ni sosai ba. Ya ce in aka ga watan azumi ba a nuna masa cutar ba, ba zai ƙara aikowa ba, da mota zai zo. Humrar da ka ba da shawara ya karɓa, ya ce budurwarsa ta gode, maganar kuma tana nan.

Ba na neman ka ji tausayina. Ina roƙon ka yi tunani irin na masu sana'a, don ni iyakar ilmin allina ke nan.

Allah ya bar zumunci. Ka huta lafiya.

Naka,
Babagana

Kano
Yuli, 2013

Zuwa ga Turai,

Assalamu alaikum. Ke nake rubuto wa, ba shi ba, kuma wannan karon kada ki karanta masa. Ina fatan ke da yara da Iya kuna lafiya.

Na karanta rahoton Malam sau biyu. Rubutunsa kyakkyawa ne, ba shakka. Amma ko bai san abin da ya rubuta ba, ko kuma ya sani sarai.

Ki buɗe kunnenki. Fitilun nan biyu ba layi ɗaya suke ba. Ta hagu da fiyus ɗinta, ta dama da nata, haka na raba su don in ɗaya ta ƙone ɗayar ta ci gaba. Ɓera zai iya kunna ɗaya. Tsatsa za ta iya sa ɗaya ta yi ja-ja kamar garwashi. Amma biyu, lokaci guda, da cikakken haske, kullum da magariba? Ɓeran da ya iya haka ya zo in ɗauke shi aiki. Sannan ƙarfen da ba a taɓawa ba ya ƙyalli. Gurbin da ke ƙyalli, kullum ana sa masa abu ana cirewa. Kuma a duk shekarun da na yi ina wayarin ban taɓa ganin lalacewar da ke jin kunyar baƙi ba, ta ƙi fitowa ranar da kika zauna.

Babu cuta a karaban ɗina. Hannun mutum ne.

To, wa ke gidan? Yara ba su kai ba. Ke ko ƙwan tocila ba ki iya canzawa. Iya tsohuwa ce, carbi kawai ta sani. Saura wa? Wanda ya san inda gwangwanin fiyus yake, wanda ke zaune ba aiki, wanda kullum shi ke dubawa ya dawo ya ce bai ga komai ba. Ban ce yana tare da mutanen daji ba. Amma an ƙona makarantu, an kashe malamai, shi ko ƙwarzane ba a yi masa ba. Mutum mai sanyin baki irin nasa, wa ya san alkawarin da ya yi musu don a bar shi? Tun ranar da aka kawo maganar aurenku na ce ban yarda da namijin da ba ya ɗaga murya ba, kuka ce hassada ce.

Shawarata, ki kwashe yara da Iya ki ba Dzarma ya kawo ku. Shi kuma ya tsaya ya yi wa Ya'akubu bayani da kyakkyawan rubutunsa. Ki sa a rufe karaban ɗin da kwaɗo kafin ku taho.

Na san za ki zage ni. Ki zaga, amma ki duba.

Yayanki,
Abdulwahab

Galtimari, Maiduguri
Ramadan

Zuwa ga Yaya Abdulwahab,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Na yi jinkirin amsa maka ne don da na rubuta a ranar da na karanta taka, da Dzarma bai iya ɗaukar takardar ba don zafinta. Mutumin da ya kwanta cikin ƙasa ƙarƙashin tarkacenka, aka zaunar da shi a rana saboda fitilunka, shi ka zauna a Kano ƙarƙashin fanka kana yi wa ƙazafi. Har da a rufe maka karaban da kwaɗo. Wallahi na ji kunyar haɗa uwa da kai. Takardarka na sa ta a murhu, maigidana bai gani ba, ba kuma zai gani ba.

Amma ka ce in duba, na duba. Abu ɗaya ka faɗa daidai: hannun mutum ne.

Ana saura kaɗan a fara duban wata, na ce wa Iya zan shiga girki. Na ɗora tukunya na bar wa Hajara, na zagaya na tsaya jikin ƙaramar tagar nan ta karaban. Tana idar da sallar magariba ta kwance bakin zanenta ta fito da wasu 'yan tsinkaye biyu, guntayen asawaki, kowanne an naɗe shi da takardar magi, gefen mai ƙyalli a waje. Ta sauko daga gado, ta ɗaga katakon da kafaɗarta, ta laluba ba tare da ta duba ba, ta cusa ɗaya, ta cusa ɗayan. Ta miƙa hannu bayan labule ta danna tsohon makunnin nan naka. Na ɗaga kai, ga darbejiya ta yi ja.

Na shiga. Ko razana ba ta yi ba.

Na ce, “Iya, ke ce?”

Ta ce, “Ni ce. Rufe ƙofa, sauro.”

Na ce, “Wa ya koya miki wannan?”

Ta ce, “Wanda ya ƙarar mini da takardun magi yana yaron shago. Kullum ‘Iya, kada ki yar, fiyus ya ƙone.’ A gabana yake naɗewa. Kun ɗauka makauniya ce ni?”

Ka ji, Injiniya. Tsohuwar da carbi kawai ta sani. Ita ce ke cirewa da asuba kafin kowa ya tashi. Ita ce ta zunguro buhun da doguwar sanda. Ranar da hannunta ya goce takardar ta taɓa maƙwabciyarta, ranar babban fiyus ke ƙonewa.

Na durƙusa na ce, “Iya, kin san za a tafi da uban jikokinki a kan wannan?” Ashe ba ta sani ba. Mun ɓoye mata zuwan Ya'akubu don kada hawan jininta ya tashi, ita kuma ta ɗauka ƙyashin wutar batir muke yi mata. Da na gaya mata sai da ta dafa bango. Ta ce, “Malam bai yi mini komai ba sai alheri.” Sannan ta ce, “Amma Turai, yaron nan Ajimi gidan Gwange ya sani. Gidan Gwange ya zama toka. Gidanki na nan bai taɓa zuwa ba, bai san hanyarsa ba. In aka sake shi, ko ya kuɓuto, ina zai nufa? Fitilun nan kuwa ya san su. Shi ke hawa ya goge su a tasha. Ko daga ina ya hango su zai ce ga namu can.”

Sai wata tambayar wauta ta fito daga bakina, irin taku ta masu waya. Na ce, “To ai ɗaya ta isa, Iya. Me ya sa kike wahalar naɗe biyu?”

Ta ce, “Ta hagu ta Ajimi ce.”

Na ce, “Ta damar fa?”

Ta dube ni kamar na tambaye ta sunanta. Ta ce, “'Ya'yana maza nawa ne ba sa gida?”

Na rubuta maka shi yadda ta faɗa, ban ƙara ko wasali ba. Ni da a ce ni ce, ko ashana ba zan ƙyasta maka ba.

Yanzu ka ga inda na tsaya. In na gaya wa Ya'akubu gaskiya, na tabbatar masa da zarginsa da bakina: gidan nan ana kunna wa ɗan da ya ɓace fitila. Ba zai tsaya jin sauran ba. Cuta yake so a nuna masa, don haka na yi masa cuta. Washegari na aiki Iya gidan maƙwabta barka, na ɗauki almakashin ɗinkina, na shiga bayan kabad. Na bi wayoyin nan biyu da suka hau sama, na feffeƙe rigarsu yadda ka kwatanta cin ɓera, na murɗa su jikin wayar fanka. Na sharo kashin ɓera daga ɗakin ajiya na barbaɗa. Ka ga wasiƙarka ta farko ta yi rana.

Na aika aka kira Ya'akubu. Ya zo da gilashinsa da yaransa, ya leƙa da tocila, ya gyaɗa kai irin na wanda bai gane komai ba amma ba ya so a sani. Ya ce, “Wane ne ya yi wannan wayarin ɗin?” Na ce, “Yayana ne, Abdulwahab Rewaya na bakin tasha. Aikinsa ke nan, shi ya sa ya gudu Kano kafin masu motoci su kama shi.” Wani dogo a cikinsu ya ce, “Au, shi ne? Ai shi ya gyara wa kawuna mota, in ya taka birki sai hon ya yi ƙara!” Suka bushe da dariya. Ban sani ba ko gaskiya ne ko ƙarya, ban kuma kare ka ba. Na ƙara musu da wasu labarai biyu daga kaina. Ban taɓa sanin sunanka zai yi saurin shiga haka ba, ko gardama ɗaya ba a yi ba.

A gabansu na datse wayoyin biyu. Ya'akubu ya juya ya ce wa maigidana, “Malam, a yi haƙuri, aikin tsaro ne.” Shi kuma, da sanyin bakin nan da ba ka yarda da shi ba, ya ce, “Allah ya taimake ku.” Yana gida. Jiya shi ya ja mu tarawihi a tsakar gida. A Galtimari yanzu in fitila ta lalace sai a ce ta yi Abdulwahab.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Iya ta yi mini alkawarin dainawa, ta kwana biyu ba ta taɓa ba, ba ta kuma taɓa abinci ba. Sai na ce mata na shirya da samarin, sun yarda, ta ci gaba. Ba ta san na yanke ba. Daga ciki ba a ganin bayan karaban, kuma idonta ba ya kai wa darbejiya. Kullum in an sha ruwa sai ta naɗe tsinkayenta biyu, ta cusa, ta danna, ta ƙwala mini kira: “Turai, sun kama?” Ni kuma da dabino a bakina in ce, “Sun kama, Iya.”

Mijina na tsirar, uwata nake yi wa ƙarya a watan azumi. Kai da ka san komai, ka gaya mini fiyus ɗin da ake zarewa wannan ya mutu.

Ka gaida iyalinka. Su ba su yi mini laifi ba.

Ƙanwarka,
Turai

Kano
Ramadan

Zuwa ga Turai,

Wa'alaikumus salam. Barkanku da shan ruwa.

Ba a yanke waya da almakashin ɗinki, kuma ba a barin bakinta tsirara a bayan kabad ɗin katako. So kike ki ƙona tsohuwa. Ki naɗe kowane baki da baƙin salatif, daban-daban, yau ɗin nan. Sauran kada kowa ya taɓa.

Abin da kika gaya wa Ya'akubu ki bar shi a haka. In ya tambaye ni zan ce aikina ne. Maganar hon ƙarya ce, amma ita ma a bar ta.

Ki gaishe mini da Malam Babagana, gaisuwa ta musamman. Akwai maganar da zan yi masa, ba ta takarda ba ce.

Na kama kujera a motar Dzarma ta ranar Alhamis. Ki ce wa Iya daga ranar tsinke ɗaya za ta riƙa naɗewa.

Yayanki,
Abdulwahab